Yadda Za Ku Shirya Daren Lacca da Walima a Gidan Tarihin Garinku

Da yawanmu rabonmu da shiga gidan tarihi tun ranar da malamin firamare ya jera mu biyu-biyu, aka zagaya da mu ɗaki-ɗaki, aka ce kar wanda ya taɓa komai. Magidanci a Kano yana iya wuce ƙofar Gidan Makama safe da yamma tsawon shekaru bai taɓa leƙawa ba, kuma ba don yana ƙin tarihi ba. Lokacin da gidan ke buɗe yana kasuwa ko ofis, lokacin da ya samu sarari an rufe. Shi ya sa taron dare, sau ɗaya a wata, da lacca da abinci, yake da amfani. Abinci zai jawo mutum ya zo, amma abin da zai sa ya dawo wata na gaba shi ne a nuna masa wani abu guda da idonsa, a ba shi labarinsa sosai. Duk shirin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi. Da Kano zan riƙa misali, sai dai wanda ke Katsina ko Argungu ko Damagaram zai iya ɗaukar abin da ya dace da garinsa.

Mataki na farko: ku san mai gidan kafin ku gayyaci kowa

Ku haɗa kwamiti ƙarami, mutum huɗu ko biyar, a samu mace aƙalla ɗaya a ciki wadda maganarta ke da nauyi. Aikinku na farko shi ne ku je gidan da rana kamar kowa, ku yanki tikiti, ku bi mai zagayawa da baƙi, kowa da takarda a hannu yana rubuta abubuwan da suka tsayar da shi. Ku duba fili, ku duba banɗaki, ku duba inda za a yi alwala da inda motoci za su tsaya.

Sannan ku gano wa ke da ikon ba da izini, don gidajen ba ubangida ɗaya gare su ba. Gidan Makama da gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin NCMM, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Gidan Ɗan Hausa na hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna, cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ku rubuta wa shugaban gidan takarda, ku kai da hannu, ku zauna da shi. A takardar ku faɗi ranaku, da yawan mutane, da lokacin farawa da na tashi, da cewa za a ci abinci, da cewa za a ɗauki hoto da murya. Kar ku ɓoye maganar abinci sai ranar taro, don ita ce za ta fi damunsa, kuma yana da gaskiya.

Abubuwa uku ku daidaita a wannan zama: kuɗin amfani da fili, wanda za ku biya ku karɓi rasit, alawus ɗin ma'aikatan da za su tsaya bayan tashi daga aiki, masu gadi da masu shara da mai zagayawa, da kuma wanda zai riƙe makullin ɗakuna a daren. Ma'aikatan nan su ne taron. In suka ji an ɗauke su abokan aiki, za su nuna muku abubuwan da ba su cikin bayanin da ke manne a bango. Ku kuma je ku gaida mai unguwa, ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa a rubuce.

Mataki na biyu: kowane dare da abinsa

A nan yawancin irin waɗannan taruka ke lalacewa. Sai a sa take kamar "Muhimmancin Tarihi ga Cigaban Al'umma", malami ya zo ya yi awa ɗaya yana faɗin abin da kowa ya yarda da shi tun kafin ya baro gida. Irin wannan laccar ko a ɗakin taron otal ana iya yin ta, ba ta bukatar gidan tarihi. Dokar da nake ba da shawara ita ce: ba a amince da batu ba sai an nuna abin da ke cikin gidan wanda za a rataya batun a kansa. Gani ya kori ji.

Ku tsara dare shida a karon farko, ku sanar da su gaba ɗaya. A Gidan Makama, daren farko ginin kansa ya isa batu. Ana danganta shi da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta, kuma Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Littafin Tarihin Kano ya jingina masa kafa Kasuwar Kurmi, da faɗaɗa ganuwa, da gina gidan sarki da har yau ake kira Gidan Rumfa, da shigo da kakaki. Ga malami yana magana, ga mutane zaune ƙarƙashin ginin tubali da azara, ana iya cewa su ɗaga kai su ga yadda aka ɗaure rufin. In aka samu tsohon magini ya bayyana yadda ake jiƙa makuba a shafe bango don ruwan damina, an gama.

Dare na biyu a ba marina. A gidan tarihi za a samu baƙin yadi mai sheƙi, irin wanda Buzaye ke naɗawa, kuma karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake, ba shi da nisa. A roƙi marini ya zo da ɗan bokiti na ruwan baba da ya riga ya nuna. A tsakar fili, nesa da ɗakuna, ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗan jujjuya shi, ya ɗago. Ƙyallen zai fito kore-kore, mutane su fara kallon juna, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa shuɗi a gaban idonsu. Daga nan duk abin da malami zai faɗa game da yadda yadin Kano ya riƙa ƙetare Sahara, da abin da Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta kan saƙa da rinin garin bayan zuwansa a 1851, zai zauna a kunne.

Sauran ba sai an tsawaita ba. Ɗiyan wuri, kuɗin zamanin da, su buɗe maganar fataucin goro zuwa Gwanja, da madugai, da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, har zuwa zangon Hausawa a Salaga da Kumasi. Sulke da lifidi da kwalkwali su buɗe maganar doki, daga fagen yaƙi zuwa hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Allo da tawada da gafaka su kawo Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da zuwan Almagili a zamanin Rumfa, da rubutun ajami. Hoton dalar gyaɗa ya rufe jerin da isowar layin dogo Kano a 1911 da su Alhassan Ɗantata. Wannan na ƙarshe shi zai fi tayar da hira, don akwai dattawan da suka ga dalar da idonsu.

Akwai batutuwa masu zafi: bauta, da bori, da Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, da yadda Turawa suka ci garin a 1903. Ba na cewa a guje su, tarihin da aka cire masa waɗannan ya zama kirari. Amma kar a buɗe jerin da su. Jikokin ɓangarorin biyu na basasa suna nan, wataƙila ma kujerunsu na kusa da juna. A bari sai masu zuwa sun saba, sun san ba a zo cin mutuncin kowa ba. Rikicin sarauta ko siyasar da ke gudana yau kuwa, a faɗa tun farko cewa ba nan ne wurinsa ba.

Mataki na uku: mutum biyu, ba ɗaya ba

Kowane dare ku haɗa malamin da ya karanta abin da wanda ya gaje shi. Sashen tarihi da na harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero ba su rasa masana, haka ma kwalejojin ilimi, kuma sau da yawa ɗalibin da ke rubuta digiri na uku a kan batun ya fi babban farfesa zafin nama, ya kuma fi sauƙin samu. Na biyun shi ne marini, ko maƙeri, ko baduku, ko mabushin kakaki, ko tsohuwar da ta yi kaɗi da mazari. Shi ba a ce masa ya yi lacca. Mai gabatarwa ne zai zauna kusa da shi yana tambaya: "Baba, a hannun wa kuka koya? Kuna shekara nawa aka fara ba ku wannan aikin?" Ku je gidansa ko wurin sana'arsa kafin ranar, ku yi hirar sau ɗaya, ku san inda labarin yake da daɗi.

Ga malamin kuwa, ku gaya masa abu uku ba kunya. Minti ashirin da biyar ne. Da Hausa za a yi. Kuma ba karanta takarda za a yi ba. Mai ladabi zai ce, "Allah ya gafarta Malam, mutanen namu 'yan kasuwa ne da ma'aikata da matan gida, so muke a ba su labari." Ku roƙe shi ya bambance wa mutane abin da aka samu a rubuce, da abin da aka ji daga bakin kaka da kakanni, da abin da yake hasashensa ne. Labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, misali, yana da daɗin ji, amma ya kamata mai sauraro ya san daga ina aka samo shi, da kuma cewa an rubuta shi ne ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake magana a kai.

Ku ba su kuɗin mota a ambulan, kuma a ba mai sana'ar daidai da na malamin. Shi ya rufe wurin nemansa ya zo.

Mataki na huɗu: sallah ce ke tsara lokaci

Kar ku rubuta jadawali sannan ku nemi inda za ku cusa sallah. Ku fara da Magariba da Isha'i, ku gina saura a jikinsu. A Kano rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba da Disamba, a Yuni da Yuli kuwa sai kusan 7, don haka katin gayyata ya ce "bayan La'asar", sannan ya sa ƙarfen da ya dace da watan.

Ga tsarin da ya fi tafiya daidai. Mutane su iso kamar awa ɗaya kafin Magariba, a raba su rukuni-rukuni na mutum goma zuwa goma sha biyar, a kai su ɗakin da abin daren yake, da sauran haske. Ba zagayen gida duka ba, ɗaki ɗaya ko biyu. A yi Magariba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka bayan sallama a miƙa dabino da ruwa da kofin kunu. Tsakanin Magariba da Isha'i akwai awa ɗaya da 'yan mintoci, a nan lacca da hirar mai sana'a za su shiga cif. A yi Isha'i, a kawo abinci, a yi tambayoyi ana ci. Ƙarfe 9:30 a yi addu'a a tashi, don mata da masu neman a-daidaita-sahu su isa gida da wuri.

Wasu za su ce a ci abinci tukuna sannan a yi lacca. Kar ku yarda. Wanda ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe ya sha fura, gyangyaɗi zai yi ko wane ne ke magana, wasu kuma da sun wanke hannu sai ka nemi takalmansu ka rasa.

Game da watanni, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin zama a fili, illa dai ƙurar hunturu da sanyi, sai a tanadi shayi a kuma rufe abinci. Maris zuwa Mayu zafi ne, amma dare na da sauƙi in akwai fanka da ruwan sanyi. Tsakiyar damina, musamman Agusta, kar a dogara da fili sai da rumfa mai ƙarfi. Watan azumi a tsallake shi, dare na tarawihi da tafsiri ne. In kuna neman ranar buɗewa ko rufewa mai suna, 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya.

Mataki na biyar: abinci, da nisansa daga kayan tarihi

Dokar da ba ta da sassauci: ko kwalbar ruwa ba ta shiga ɗakin da kayan tarihi suke. Ɗan maiƙo ko ɓarɓashin waina da ya faɗi a lungu shi ke kiran ɓera da kyankyaso, su kuma ba su bambance ragowar abinci da tsohuwar alkyabba ko takardar da ta shekara ɗari biyu. Ba a hura wuta a harabar. A dafa a gida a kawo cikin kula. Mai tsire, in za a kawo shi, ya kafa tukubarsa a waje. Janareta ma a kai shi can nesa, saboda hayaƙi da ƙara, kuma kar a buga ƙusa a bangon ƙasa don rataya fitila ko allon majigi, a zo da sanduna. In shugaban gidan ya yarda a fito da wani abu fili, ma'aikacinsa ne kaɗai zai ɗauko da safar hannu, ya tsaya kusa da shi, ya mayar kafin a buɗe kular farko. In bai yarda ba, kar ku ja. A ɗauki hoto mai kyau a haska.

Abincin kuma ya yi magana da batun daren, ba sai an yi almubazzaranci ba. Daren fatake a kawo guzurin hanya a gefe, kilishi da dakuwa da goro, babban abinci kuma dambu. Daren gyaɗa a yi kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da miyar taushe. Daren hawan Sallah kuwa waina da sinasir da funkaso da alkaki. Abinci iri ɗaya mai kyau da abin sha biyu ya fi iri biyar da za su ƙare kafin layi ya kai rabi. Ku ba mai girkin minti uku ta faɗi abin da ta dafa da yadda kakarta ke yin sa. Sau da yawa tambayoyin da za a yi mata sun fi na malamin yawa.

A shimfiɗa tabarmi da darduma ga masu so, a ajiye kujeru ga dattawa da masu ciwon gwiwa. Ɓangaren mata ya kasance gefe da gefe da na maza, inda za su ga abin da ake nunawa su kuma ji, ba can baya kusa da kuloli ba. Makirufo ya riƙa kai musu lokacin tambayoyi.

Mataki na shida: kuɗi

Ku tsaya a mutum arba'in zuwa sittin. Fiye da haka ya zama gangami, na baya ba ya ganin ƙyallen marini. Ku lissafa komai: fili, alawus, abinci, hayar kujeru da lasifika, man janareta, kuɗin motar masu magana, ruwa, sabulu, maganin sauro. Ku ƙara kashi goma cikin ɗari na abin da ba a zata ba. Jimillar ku raba ta a kan kashi uku cikin huɗu na kujerun, ba duka ba. Abin da ya fito shi ne kuɗin tikiti. In kujeru sittin ne, mutum arba'in da biyar ne za su ɗauki nauyin daren, sauran goma sha biyar na ɗalibai ne da masu magana da ma'aikatan gidan, waɗanda dole su ci abin da kowa ya ci.

A biya kafin ranar, a rufe karɓa kwana biyu kafin taro don mai girki ta san mudu nawa za ta auna. Wanda ya biya na dare shida a dunƙule a yi masa rangwame, wannan kuɗin ne zai riƙe ku a watan da mutane suka yi ƙaranci. Asusu ya kasance mai sa hannun mutum biyu, kuma bayan kowane dare a tura wa kwamiti lissafi a rubuce.

Mai tallafi alheri ne, a gode masa da suna a jimla ɗaya. Amma wanda sharaɗinsa shi ne a ba shi makirufo, ko a jira shi kafin a fara, ko a manna hotonsa a ƙofa, tallafinsa ya fi tikiti tsada.

Mataki na bakwai: daren kansa

Kwamiti ya iso da Azahar. A gwada lasifika da majigi, a cika butoci, a tanadi fitilu masu caji don lokacin da janareta zai yi tari. Mutum ɗaya a ƙofa da jerin sunaye, mutum ɗaya da masu zagayawa, mutum ɗaya kan abinci.

Mai gabatarwa shi ne zai gyara daren ko ya ɓata shi. A zaɓi mai fara'a wanda kuma ba ya jin nauyin katse babba cikin ladabi. Gaisuwar manyan baƙi jimla ɗaya ce, ba a kiran sarautu ɗaya bayan ɗaya har Isha'i ta yi. In malami ya rage minti biyar, a miƙa masa 'yar takarda. Lokacin tambayoyi, ba a rasa wanda zai miƙe ya ce shi ba tambaya gare shi ba, ɗan ƙarin bayani ne, sai ya buɗe tasa laccar. A ba shi minti biyu, sannan a ce, "Ranka ya daɗe, wannan magana ta fi ƙarfin daren yau, a ba mu lamba mu zo gida mu ɗauka." Kuma a je ɗin da gaske. Irin waɗannan mutane wani lokaci su ne ke da tsohuwar takarda ko takobin kaka a ƙarƙashin gado, daga cikinsu ake samun mai maganar zagaye na biyu.

Mataki na takwas: washegari

Kafin ku bar harabar a daren, a share, a kwashe shara a fita da ita gaba ɗaya, ku zagaya tare da mai riƙe da makulli ya tabbatar komai na wurinsa. Da safe wani daga kwamiti ya koma ya sake dubawa da hasken rana, ya yi wa shugaban gidan godiya.

Muryar da aka ɗauka, da izinin masu magana tun farko, a ajiye ta wuri biyu, a ba gidan tarihin kwafi ɗauke da kwanan wata da sunan mai magana da batun. Hirar tsofaffin masu sana'a ta fi komai bukatar wannan, a samu ɗalibi ya rubuta ta kalma da kalma yadda aka faɗe ta, ba tare da gyara musu Hausa ba. A yanki minti biyu ko uku mafi daɗi a sa a WhatsApp da Facebook tare da ranar dare na gaba. In akwai gidan rediyon da ke da shirin al'adu, a miƙa musu cikakken faifan.

Cikin mako guda kwamiti ya zauna, a duba mutum nawa suka biya, nawa suka zo, abinci ya ragu ko ya gaza, ƙarfe nawa aka tashi. A kira mai girki da masu maganar wata mai zuwa a tabbatar musu da rana, a kuma kai wa shugaban gidan sunan abin da ake son nunawa tun da wuri, don in yana cikin ma'ajiya ne ya samu lokacin neman izinin fito da shi.